Leda, Yaro da Bakin Kwata: Inda Tarbiyyar Tsafta ke Tsayawa a Katsina

Tun ranar 1 ga Yulin 2025 da gwamnatin Legas ta fara tilasta haramcin wasu kayan roba, maganar leda ta shigo majalisun hira har nan Katsina. Wasu sun ɗauka dokar ta ƙasa ce baki ɗaya. Wasu na cewa har fiya wata aka hana. Wasu kuma sun yi watsi da zancen, wai rigimar mutanen bakin teku ce, ina ruwan mai rairayi. A ɗaya gefen, malaman makaranta da masu wa'azi da ma'aikatan lafiya bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa gyara daga yara zai fara, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba mai musun wannan. Abin da ba a cika tsayawa a warware ba shi ne me ake son yaron ya koya, wa zai koya masa, kuma in ya koya ɗin, ina zai kai ledar da ke hannunsa.

## Abin da aka hana da abin da ba a hana ba

Abubuwa uku ake cakuɗawa. Akwai manufar ƙasa kan sharar roba wadda gwamnatin tarayya ta amince da ita a 2020. Wannan taswira ce ta inda ake son a dosa, ba ita ke sa a rufe shagon kowa ba. Akwai matakin da majalisar zartarwa ta tarayya ta ɗauka a watan Yunin 2024, na hana robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar a ma'aikatu da hukumomin tarayya. Sai na Legas, wanda ya fara da farin mazubin abincin nan mai kama da soso a Janairun 2024, daga baya ya haɗa da tsinken zuƙar lemo, da kofi da cokali na roba, da ledar da kaurinta bai kai maikiron 40 ba. Maikiron guda kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ledar fiya wata da gorar ruwa ba sa cikin jerin, kuma dokar ta jiha ce, iyakarta Legas.

Sai dai kada Bakatsine ya ɗauka abin ba zai taɓa shi ba. Da yawa daga kayan robar da ke kasuwannin Katsina da Daura daga masana'antun Kano da Legas suke zuwa. In masana'anta ta sauya abin da take bugawa, sauyin kan iso ta kasuwa kafin ya iso ta majalisa.

## Shara, juji, taki

A bakin Bahaushe, shara ita ce abin da tsintsiya ta tattaro, juji ko bola kuma wurin da ake tara ta. Kalma ta uku ce mabuɗin lamarin, wato taki. A da juji zango ne, shara tana wucewa ne ta cikinsa. Toka da kashin awaki da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da ganyen alala su kwanta su ruɓe, in bazara ta kama a loda a mangala, jaki ya kai gona. Manoman kewayen tsofaffin birane irin Katsina da Kano sun daɗe suna nome gona guda shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba, kuma takin cikin gari na daga cikin abin da ya riƙe musu ƙasar.

Roba kuwa, har da leda, ba iri guda ba ce, ko da yake duka daga man fetur da iskar gas ake samo su. Wanda ya juya gindin gorar ruwa zai ga wata 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya. Lamba 1 ta gorar ruwa da ta lemo ce, 2 ta jarka, 4 ta irin ledar fiya wata, 5 ta irin kujerar roba. Ba a narka su tare, shi ya sa mai saye ke rarrabe su kafin ya aza a sikeli.

Akwai kuma ayyuka uku da ake yawan haɗe su a suna guda. Ragewa ita ce kada sharar ta samu tun farko, kamar a je sayen ƙosai da kwano. Sake amfani shi ne abu ya ci gaba da aiki a siffarsa, kamar gorar lemo ta koma gorar zoɓo ko kunun aya. Sake sarrafawa ita ce a niƙe abu ko a narka shi ya zama wani sabo: gwangwanin lemo ya koma tukunya a hannun masu zubi, fasasshen bokiti a niƙa shi a kai masana'anta ya fito buta ko silifas. Ta ukun ce ta fi suna a littattafan makaranta, amma ita ce ta fi ƙarancin tasiri. Rahoton 2022 na OECD, ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta haɗin kan tattalin arziki, ya nuna kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar robar duniya ake sake sarrafawa. Yaron da aka gaya wa ya yar kawai, ai za a sake sarrafawa, an ba shi rabin labari.

## Abin yarwa ya sauya, hannun mai yarwa bai sauya ba

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Katsina ko Daura kafin shekarun 1980 zai tuna an aike shi sayen fura da ƙwarya, man gyaɗa da kwalba, tsire a takarda, goro a ganye. Ruwa yana randa, da moɗa a kan murfi. Abin da yaro ke yarwa a hanya bai wuce ɓawon rake da ƙwallon goriba ba. Akuya ta cinye, ko a hankali gara da rana su gama da shi. Saboda haka a cikin dogon jerin abubuwan da ake hana yaro, kada ya ci da hagu, kada ya taka abinci, kada ya wuce babba bai gaishe shi ba, babu “kada ka yar a ƙasa”. Ba sakaci iyayen da suka yi ba, buƙatar ce ba ta taso ba.

Leda ta shigo ta tarar da wannan ɗabi'a ta zauna a kanta. Fiya wata ta bazu a shekarun 1990, lokacin da famfo ya daina zama abin dogaro a garuruwa da yawa. Lissafin mai sauƙi ne. Jaka guda ƙulli 20 ce. Gidan da ke shan jaka biyu a rana yana fitar da leda 40 kullum, 14,600 a shekara, ban da ledar cefane, ta awara, ta sukari, ta man ja na ƙulli, da famfas ɗin jarirai. Ba ɗaya daga cikinsu da gara ke ci. Rana tana sa leda ta yi gautsi ta farfashe, amma gutsattsarin suna nan cikin ƙasa shekara da shekaru.

Hukuma ta sha gwada nata. Tun zamanin Turawa akwai duba-gari, mai shiga gida ya leƙa randa ya leƙa masai, wanda tsofaffi har yau ke ba da labarin yadda ake rige-rigen kifar da ruwa in an ji ya shigo unguwa. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, a 1985 aka ƙara masa babin tsaftar muhalli, wanda daga nan al'adar sharar Asabar ɗin ƙarshen wata ta kafu a jihohi da dama. Tsare-tsaren biyu sun share tituna a lokacinsu. Amma darasin da yaro ya ɗauka daga gare su shi ne tsaftar waje tana da rana, kuma tana da mai bulala. Ranar da ba mai bulala, ba tsafta.

## “Je ka zubar”

Yana da kyau a dubi safiyar wani gida a Ƙofar Marusa ko Sabuwar Unguwa, don a nan ake ba da darasin da ya fi na aji shiga. Yarinya ta yayyafa ruwa ta share tsakar gida tas, har a ga zanen tsintsiya a ƙasa. An wanke kwanuka an kife. An kwashe sharar a tsohon bokitin fenti. Sai uwa ta ɗaga murya: “Kai, zo ka zubar da sharar nan kafin ka makara.” Yaro ɗan shekara takwas ya ɗauka, bokitin ya yi masa nauyi, ga ƙararrawar makaranta na jiransa. Ba wanda ya gaya masa inda zai kai, ba kuma wanda zai tambaye shi in ya dawo. Kangon da ba a gina ba yana kusa. Kwata ta fi kangon kusa.

Wannan gida ba ƙazamin gida ba ne. Matsalar ita ce iyakar tsaftarsa zaure. Abin da yaron ya koya a wannan aike shi ne shara ta ƙare da zarar ta bar idon Umma. Da damina darasin yakan ƙara fitowa fili. Hadari ya haɗu, iska ta taso, sai ka ga an fiffito da bokitai ana juyewa a magudanar ruwa don ruwa ya tafi da ita. Ya tafi da ita ina? Wajen mutanen gangare, inda kwalbati ya fi ƙuntata.

Akwai wasu darussa biyu da ake bayarwa ba da niyya ba. Na farko a makaranta: a wurare da yawa tsintar leda da takardu horo ne na wanda ya makara ko ya yi surutu. Shekara shida yaro yana ganin sunkuyawa a ɗauki shara a matsayin hukunci, to da wuya ya girma ya sunkuya don ganin dama. A Japan ɗalibai da kansu ke share ajinsu da farfajiya kusan kullum, mai ƙoƙari da marar ƙoƙari, don aikin yana cikin jadawali kamar lissafi. Na biyu a gida: shara aikin mata ce a ciki, aikin almajiri ce a waje, a ba shi ɗan canji ko sauran tuwo ya kwashe. Ɗan gida namiji yana iya kai wa shekara ashirin bai taɓa riƙe tsintsiya ba, kuma ya fahimci cewa shara tana da masu ita, shi ba ya ciki.

Sai uba. Yana iya yi wa yara faɗa a kan ƙazanta da safe, da rana a hanyar Daura ya shanye fiya wata ya sauke gilashi ya wurga ledar. Yaran da ke kujerar baya sun ji faɗan, sun kuma ga hannun.

## Inda ledar ke komawa

Ba ta nisa. Wadda ta shiga kwata tana toshe ta, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa a daidai watannin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. In ruwan ya rasa hanya sai ya bi gindin katanga, kuma ginin ƙasa ba ya jure jiƙo. Wadda ta tsaya a juji akuya da tunkiya ne ke cin ta saboda ƙanshin gishiri da mai da ke jikinta. Mahauta sun san wannan sarai, don sukan buɗe tumbi su tarar da curin leda ya cika shi. Dabbar tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani. Ga gidan da akuya ce asusunsa, wannan asarar kuɗi ce kai tsaye.

Wadda ta bi taki ta tafi gona. Manomin da ya sayi lodin takin gari yanzu sai ya sa yara su tsince leda kafin shuka, wadda ta kuɓuce kuma garma ta binne ta. Wadda aka ƙona ta koma hayaƙi. Da hunturu yara kan kewaye wutar bola suna jin ɗumi, a wasu gidaje kuma da leda ake hura gawayi don ta fi saurin kamawa. Hayaƙin roba yana ɗauke da guba mai cutar da huhu, musamman ga yara da masu asma. Da yawan iyaye na ganin ƙonawa ita ce tsafta, tun da ido ya daina gani.

## Jari-bola: makaranta ce ko tarko

A nan lamarin ya fi sarƙewa. Yaron Katsina ba ya buƙatar malami ya gaya masa cewa shara tana da daraja, sikelin 'yan gwangwan ya riga ya gaya masa. Ya san jan ƙarfe ya fi alminiyam tsada, alminiyam ya fi baƙin ƙarfe, ya san wace roba ake saye da wadda ba a kallo. Shi ya sa da wuya ka ga gwangwanin lemo ya kwana a titi, amma ledar fiya wata ta yi wata guda tana yawo. Nauyinta bai taka kara ya karya ba, sai an tara ɗaruruwa kafin a haɗa kilo guda, kuma mai ƙasa da laka ba ta da farashi. Tsaftar titi tana bin farashi ne sau da ƙafa.

Wannan hikimar ba baƙuwa ba ce. Tsohuwar taya ta zama takalmi da guga, gwangwanin madara ya zama fitila, buhun shinkafa ya zama jakar makarantar allo, yara su ƙera mota da gwangwani da tsohon silifas. Masu renon itatuwa ma sun gano ledar fiya wata tana maye gurbin baƙar ledar dashe, a cika ta da ƙasa a shuka darbejiya ko zogale. A jihar da ke cikin jihohi 11 na arewa da shirin katangar itatuwa ta Afirka ya shafa saboda kwararowar hamada, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Masu goyon bayan sana'ar na cewa 'yan jari-bola ne kaɗai masu sake sarrafa shara na haƙiƙa a garuruwanmu, ba su karɓar albashin kowa, kuma sana'ar ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Masu suka na nuna wani gefen: yaron da ya ɗanɗana kuɗin sikeli yana iya barin aji, yana tona bola ba safar hannu ba takalmi, cikin fasassun kwalabe da alluran asibiti. Akwai kuma ƙorafin sata, murfin kwata da wayar lantarki da tukunyar da aka bari a tsakar gida. Saboda irin waɗannan dalilai, da na tsaro, gwamnan Borno Babagana Zulum ya hana sana'ar tsintar ƙarafa a jiharsa a 2023, hukumar Abuja ma ta taƙaita ta a farkon 2025.

Haɗarin da aka fi rainawa shi ne na batirin mota da tarkacen lantarki. Cikin batir akwai dalma, gubar da ke lalata ƙwaƙwalwar yaro ba tare da ta nuna alama da wuri ba. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga aikinta a 2010, lokacin da yara aƙalla 400 suka rasu. A can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gida gubar ta fito, amma ita ce dai wadda ke cikin batirin da ake fasawa a bayan gari. Ƙona waya don a ciro jan ƙarfen da ke ciki shi ma hayaƙinsa guba ne.

Don haka akwai tazara mai faɗi tsakanin yaron da ke ware gora da gwangwanin gidansu a buhu ya sayar a ƙarshen wata, da yaron da ke wuni a juji. Na farko yana koyon tattali, na biyu yana aikin da ya fi ƙarfin shekarunsa. Duk shirin makaranta ko na unguwa da ke ba yara lada don tara roba yana buƙatar ya san wannan iyaka, in ba haka ba gasar tsafta sai ta koma tura yara bola.

## Wa ke da alhaki

Masu cewa gida ne suna da hujja mai ƙarfi: ɗabi'a tana kafuwa kafin yaro ya shiga aji ɗaya, kuma ba gwamnatin da za ta iya sa ma'aikaci a bayan kowane mai shan ruwa. Rauninsu shi ne tambayar da yaro kan yi da kansa: to ina zan kai? Uwar da ke unguwar da motar shara ba ta shiga, lungun ma ko a-daidaita ba ya wucewa, ba ta da amsa.

Masu cewa makaranta da masallaci ne suna nuna cewa ba sai an aro komai daga waje ba. Ya tabbata a hadisi cewa tsarki rabin imani ne, cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, kuma an yi gargaɗi mai tsanani a kan yin bayan gida a hanyar mutane ko inuwarsu. Alƙur'ani ya hana almubazzaranci. Kusan kowane ɗan Islamiyya ya haddace wani abu daga ciki. Abin da ya rage shi ne haɗa nassin da ledar. Babin tsarki ana karantar da shi a kan jiki da tufa da wurin salla, da wuya a ji malami ya ce ledar da ta toshe kwata ta jefa ruwa gidan maƙwabci tana cikin cutarwar da aka hana. Ana iya fitowa daga darasin a sayi awara a bakin ƙofa a yar da ledar a nan take, yaron bai ga wani saɓani ba.

Masu cewa hukuma da kamfanoni ne su ma suna da madogara. Tsarin mulkin 1999 ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma Katsina tana da 34. A matakin jiha akwai hukumar kare muhalli ta SEPA. A tarayya akwai hukumar kula da dokokin muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, mai kula da tsarin da ke ɗora wa kamfani alhakin bin sawun mazubin kayansa bayan an sayar. A ganin wannan ɓangare, ɗora wa ɗan shekara takwas nauyin ledar da masana'anta ke bugawa dubbai a awa guda rashin adalci ne. Waɗanda ba su yarda da su ba na cewa ko an ajiye kwandon shara a kowace kusurwa, wanda bai saba ba a gefensa zai zubar, wani ma ya ɗauke kwandon ya kai wa 'yan gwangwan.

Ƙasashen da suka gwada haramci sun ba da sakamako iri biyu. Ruwanda ta hana leda a 2008, tana da aikin gayya na ƙasa a Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, kuma babban birninta Kigali ya yi suna a tsafta. Kenya ta bi sahu a 2017 da tara mai tsanani. Amma Nijar, wadda ke nan bayan Jibiya da Kongolam, ta yi dokar hana leda tun 2014, kuma duk wanda ya je Maraɗi ko Damagaram ya san baƙar leda ba ta bar kasuwa ba. Dokokin sun yi kama da juna a takarda. Bambancin yana wajen bibiya, da samar da madadi, da kwashe sharar da aka tara.

Idan aka auna, ɓangarorin uku kowanne yana riƙe da abin da ɗayan ya rasa, amma ba nauyinsu ɗaya a kowane mataki ba. Ragewa da rarrabewa suna hannun gida ko babu hukuma. Kwashewa ba ta hannun gida ko kaɗan.

## Abin da ke shiga kan yaro

Masu renon yara sun san ɗan shekara huɗu ba ya gane “muhalli”, amma yana gane “riƙe ledarka har mu je gida”. Aljihun jakar makaranta ya isa wannan. Wajen shekara bakwai, lokacin da ake fara umartar yaro da salla, yana iya riƙe aiki na dindindin: bokiti guda na mai ruɓewa, toka da ɓawo da sauran abinci, wanda zai je wa dabbobi ko gona, buhu guda na gora da gwangwani, wani na leda. Rabuwar nan ita ce ke dawo wa juji da matsayinsa na taki, kuma ba ta cin ko sisi. In kuɗin buhun gwangwani ya shiga asusun yaron, ba sai an tuna masa ba.

Dalilin da ake ba yaro ma yana da tasiri. Labarin kifin teku da ya haɗiye roba ya yi wa ɗan Daura nisa. Akuyar Inna da aka yanka aka tarar da leda a cikinta, ko katangar maƙwabta da ta faɗi bara, waɗannan ya gani da idonsa. Samari kuwa aikin gayya ya fi wa'azi kama su. Ƙungiyoyin unguwa da ke yashe kwata kafin damina sun daɗe suna yi, sai dai sau da yawa abin da aka yaso yana zama a bakin kwatar har ruwan farko ya mayar da shi. Yaron da ya ga haka sau biyu, karo na uku ba zai fito da shebur ba.

## Abin da zai taɓa aljihun talaka

Ko da doka irin ta Legas ko babu, alamu na nuna ledar kyauta tana kan hanyar ƙarewa, don farashinta yana bin na mai da na dala. Wanda zai fara ji shi ne mai ƙaramin jari: mai ƙosai, mai awara, mai ƙullin man ja da sukari, waɗanda cinikinsu gaba ɗaya a kan ƙulli yake. Ko su ƙara kuɗi, ko su rage yawa, ko su ce a zo da kwano. Na ukun ya fi sauƙi a unguwar da ake aiken yara, ya fi wuya a tasha.

Fiya wata lamarinta daban ne. Gidajen buga ta suna ɗaukar matasa aiki, kuma ga iyalai da yawa ita ce ruwan da suka fi amincewa da shi a kan na 'yan garuwa, musamman lokacin da amai da gudawa ke yawo. Hana ta kafin famfo ya kawo ruwa zai jefa mutane cikin haɗarin da ya fi na leda, kuma ko Legas ba ta taɓa ta ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a sa wa ledarta farashi, masu bugawa su riƙa karɓar wankakkiya a kilo. In hakan ta faru, yara ne za su fara tsince ta, kamar yadda suka yi wa gwangwani, kuma tambayar iyaka tsakanin buhun gida da tonon juji za ta dawo sabuwa.

Akwai kuma matan da ke sana'ar zoɓo da kunun aya a cikin gida, waɗanda jarinsu ya dogara da tsohuwar gora. Duk lokacin da masu niƙa roba suka ƙara farashin kilo, gorar da suke saye tana ƙara tsada, don yaron da ke tarawa zai kai wa wanda ya fi biya. Gorar da ta shiga injin niƙa sau ɗaya ta yi aiki, wadda ta je hannun mai zoɓo tana iya zagayawa sau da dama, muddin ana wanke ta da sabulu da ruwa mai tsafta, kuma daga gida ko wurin biki aka tattaro ta, ba daga kwata ba.